Hurin Ammu Yaƙubu

Tun da Allah Ya maido ni gida Yawuri, da wuya in zauna bakin kogi ina ɗinkin koma ba tare da wani ya zo ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Alhaji Ummaru, wai yaya can ɗin take?" In na ɗauko labarin Ka'aba sai ya ce wannan ya sha ji a bakin malamai. Shi abin da yake son ji, ni da na tashi da filafili a hannu, me ya zaunar da ni fiye da shekara biyu a ƙasar da ake sayen ruwa. Na gaji da gutsura labarin, yau kai gobe wutsiya. Shi ya sa na ɗauko alƙalami da ɗan ajamin da na iya, na ce bari in zuba shi tun daga tushe.

Da kaka muka tashi, 'yan shekaru bayan sojojinmu sun dawo daga yaƙin Bama. Mu biyu ne, ni da Malam Ila wanzami, maƙwabcina, mutum mai barkwanci wanda duk duniya ba abin da yake tsoro irin ruwa. A Yalwa aka yanke cibiyarsa, amma bai taɓa shiga kogi ya wuce idon sawu ba. Matata da 'ya'yana biyu na bar su hannun yayana, na ce musu baɗi war haka ina gida.

Daga nan zuwa Yarwa ba abin faɗi sai ciwon ƙugu. Mota ta kai mu Zungeru, jirgin ƙasa ya kai mu Kano, wata babbar mota ta kwashe mu a kan buhunan goro. Sai a Kusuri, bakin kogin Shari, na fara jin ni mutum ne. Jirgin ƙarfen da ke ƙetarar da motoci ya lalace, sai jiragen Kotoko, waɗanda ake ɗinke katakonsu da igiya kamar ƙwarya. Mai jirgin da muka shiga abokin tuƙinsa zazzaɓi ya kwantar da shi, na miƙa hannu ya ba ni filafilin yana hararata. Kafin mu kai tsakiya ya daina harara. Malam Ila kuwa ya kwanta rub da ciki a ƙasan jirgi, ya ɗora zabirarsa a ka, ba abin da kake ji sai salati. Da muka sauka a Fallomi mai jirgin ya cika mini buhu da banda, ita muka yi ta ci har Abashe.

A kan iyakar ƙasar da Faransi ke mulki da Sudan, wajen Jinena, aka tsare mu kwana uku. An yi mana lamba, an duba takardu, sannan wani jami'i mai tsage uku a kumatu ya zazzage zabirar Malam Ila. Da ya ga asake da ƙahonni sai ya ja da baya, ya ce kayan tsafi ne. Ba mu jin Larabci, shi ba ya jin Hausa. Amma Malam Ila ya lura mutumin kullum hannunsa na kan ƙeya, yana yamutsa fuska. Rana ta uku ya nuna masa ƙaho, ya nuna ƙeyar tasa. Sai jami'in ya cire hula ya zauna a kan akwati. Da la'asar ya buga mana hatimi da kansa, ya kuma aiko mana da akushin kisra, wani abu falle-falle mai tsami da na ɗauka takardar naɗe abincin ce, na ajiye gefe ina neman tuwon.

A Lubayya guzurinmu ya yi ƙasa, muka yi wata biyu muna roron gyaɗa a gonar wani Bahaushe da aka haifa a can. Daga nan jirgin ƙasa har Sawakin, inda aka killace mu a karantina, aka yi mana allurai, aka turara tufafinmu har rigata ta koma ta ƙanena. A nan na fara ganin Bahar Maliya. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar, babu. Na sunkuya na kamfata da hannu biyu na kurɓa kamar yadda nake yi wa kowane sabon kogi, na furzar ina tari. Malam Ila ya yi dariya har da hawaye.

"Yau ga Basarke ruwa ya ƙi shi," in ji shi.

Dariyar ba ta daɗe ba. Muna shiga babban jirgi cikinsa ya juya, bai sake ɗaga kai ba sai da aka ce ga Jidda.

A lokacin nan jirgi ba ya isa gaɓa. Can nesa yake tsayawa saboda duwatsun murjani da suka kewaye garin a ƙarƙashin ruwa, waɗanda mutanen wurin ke ce wa sha'abi. Sai jiragen filafilan iska, sambuki, su zo su kwashi alhazai. Ina cikin sambuki, Malam Ila ya riƙe ƙafata, sai na hango wani ɗan kwale-kwale na gungume ɗaya, bai kai rabin namu na gida ba. Dattijo ne baƙi a ciki. Igiya ta taso a bayansa kamar garu, na ce shi ke nan, ya tafi. Sai na ga ya tuƙa sau uku da ƙarfi, ya tsoma filafilin a baya ya riƙe. Igiyar ta ɗauke shi ta ruga da shi ta wata 'yar kafa tsakanin duwatsu, ta sauke shi cikin kwantaccen ruwa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Kai! Namiji!"

Dattijon ya waiwayo, ya matso har jikin sambukinmu, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ɗan ina na?"

Wallahi da na ji wannan Hausa ta Kabi, irin ta kakata, a tsakiyar bahar, sai na ga kamar a gida nake. Na ce Yawuri. Ya ce shi a Makka aka haife shi, amma mahaifinsa Bakabe ne, ya zo da ƙafa tun ba mota.

"In kunka isa Makka, ku tambayi gidan Yaƙubu mai kifi, Utaibiyya. Ku ce ma Safiya ni na aiko ku."

Ganin Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba. Na yi kuka, Malam Ila ya yi kuka, iyakar abin da zan ce ke nan. Muɗawwafin da aka haɗa mu da shi, wato jagoran alhazai, ya cusa mu mu da yawa a ɗaki ɗaya mara taga, muka kwana biyu muka fita neman Utaibiyya. A zamanin nan bakin gari ce, gidajen dutse kaɗan, sauran duk na fallen garwa ne da tabarmi, sun hau jikin tsauni kamar awaki. Muka tarar da Inna Safiya, matar dattijon, a ƙofar gida tana sayar da busasshen kifi da ƙosai. Gajeruwa ce mai murya, rabin maganarta Hausa rabi Larabci, ba ta ma sanin inda ta sauya. Ta ba mu rumfar bayan gida.

Ranar farko na ja wa kaina faɗa. Na ɗauki buta na yi alwala irin ta gida, ruwa na gudu a ƙasa. Sai na ji ihu.

"Ya waladi, moya! Haram alaik! Nan ba Kwara ba ta!"

Ta nuna mini garwa biyu a lungu, ta ce ruwan gidan ke nan har gobe, shi ma saye aka yi wajen masu ɗauka. Na ji kunya ƙwarai. A nan na koyi alwala da abin da bai cika moɗa ba. Da safe ana kawo ful, wani wake mai faɗi da aka dafa ya narke, a zuba man shanu a ci da gurasa. Shayi kuma a ɗan kofi kamar babban yatsa. Na shanye na farko a kurɓi ɗaya na zauna jiran na gaskiya. Gaisuwa ma ta ba ni wuya. Na shiga kantin wani tsoho na zube ƙasa na durƙusa kamar yadda aka koya mana, sai ya fito a gigice yana shafa cikinsa yana tambayata, ya ɗauka murɗa ce ta kama ni. Su can rungume juna suke yi, yaro ya sumbaci kan babba a tsaye.

Da hajji ya ƙarato sai dattijon ya hauro daga Jidda. Ammu Yaƙubu kowa ke ce masa, wato baffa, ni ma na bi. A Arfa shi da Inna Safiya suka kafa rumfar shayi, na taya su ɗaukar kaya kafin mu shiga tsayuwa. A Mina kuwa kakar Malam Ila ta yanke saƙa. Tun hantsi yake aske kawuna, Jawa da Hindu da Turkawa, har hannunsa ya kumbura, ya samu abin komawa gida har da tsaraba. Ni ma na fara ɗaure kaya, sai Ammu ya kira ni gefe. Ya ce 'ya'yansa maza biyu duk sun bi mota, ba mai son warin kifi, shi kuma kafaɗarsa ta fara gajiya.

"Zamna shekara guda ka koyi bahar. Na ga yadda kaka kallon ta."

Gaskiya ya faɗa. Na ba Malam Ila saƙo ya kai gida, na bi Ammu Jidda.

Ɗan kwale-kwalen nan huri sunansa. Daga Hindu ake kawo su, kuma na Ammu ya fi shekara talatin a hannunsa, cikinsa ya yi santsi kamar ƙoƙo. Mu biyu muke shiga, ni gaba shi baya. Ni da nake taƙama da Kwara, a makon farko sau biyar na kifar da mu. A kogi ruwa hanya ɗaya yake bi, ka san inda ya nufa. A nan ta baya yake ɗaga ka. Ammu ba ya faɗa, sai ya juya hurin ya kwashe ruwa, ya ce mu koma.

"Igiyar bahar ba ta zo maka a ɓoye, ya waladi. Iska shina aiko ta daga nesa, ka gan ta, ta gan ka. Bari ƙananan su wuce. Manya uku na biye. Kada ka hau ta fari, ba ka san abin da ab bayanta ba. Ta biyu ita ta taka."

Ranar da na fara dacewa ba na manta ta. Na ji bayan hurin ya tashi, Ammu ya ce "Yalla!", muka tuƙa, sai filafilin ya yi sakayau a hannuna. Ban san da me zan kwatanta muku ba, sai dai yaron da uwarsa ta sunkuta ta ruga da shi. Muka shige kafar duwatsun, kumfa hagu da dama, ina ihu kamar mahaukaci.

Ruwan wurin nan garau yake. Kana zaune kana ganin ƙugiyarka a zurfin gaba biyar, kana ganin kifin da ke shinshinar ta. Akwai wani ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi da suke kira najil, ban taɓa cin kifi mai daɗinsa ba, Allah Ya yafe mini in giwan ruwa ta ji. Mukan sayar da wani ɗanye, mu shanya wani, duk mako biyu mu hau mota mu kai wa Inna Safiya, mu yi Juma'a a Harami mu dawo. In aka ce in zaɓi watannin da suka fi mini daɗi a rayuwa, waɗannan ne.

Tun kafin zuwana an fara aikin gina wata doguwar hanya ta dutse cikin bahar, don manyan jirage su riƙa ɗaurewa a jikinta. Wani kamfanin Turawa ne ke yi. Da farko nesa da mu suke, sannu a hankali suka iso inda muke kamu. Motoci na juye duwatsu dare da rana, wani jirgi na kwasar ƙasar ƙarƙashin ruwa yana amayarwa, inda sha'abi ya tare musu hanya su sa nakiya. Ranar da suka fasa na kusa da mu, kifi ya taso fari fat, ciki sama, iyakar ganinka. Mutane suka yi ta kwasa suna murna. Na miƙa hannu, Ammu ya buge shi da filafili.

"Bar shi. Wanga kifin shekara goma na, anka kashe rana guda."

Ruwan ya koma kamar kunu. Murjanin da na sani ja da ɗorawa laka ta rufe shi. Baƙin mai ya riƙa manne mana a ƙafa da igiyar ƙugiya. Sai mun yi tuƙin rabin hantsi kafin mu ga ruwa mai kyau.

Amma akwai abin da aikin ya kawo wanda ni na so, ba zan ɓoye ba. Ƙananan jirage masu inji, lanci, suna ta kai da komo, kowanne yana jan igiya a bayansa. Masuntan da ba su manyanta ba suka gano ana hawan ta, ni ma na koya. Ba jira, ba ƙidaya, ko ranar da iska ya kwanta tana nan. Ka lallaɓa bayan lanci ka hau, ta kai ka kusa da gari ba ka yi gumi ba. Wata rana muna gyaran ƙugiyoyi na ce masa, "Ammu, ai ruwa ruwa ne. Wannan ma tana ɗaukar mutum."

"Tana ɗaukar ka. Amma mi taka bari bayanta? Ta bahar tana wanke sha'abi, tana kawo ma kifi abinci. Wagga laka da mai taka kawowa, tana cin gaɓa. Dubi inda muka shanya kifi bara, ina shi?"

Na duba, wurin ya zaizaye ya faɗa ruwa.

"Ban ce aikin ba shi da amfani ba," in ji shi. "Na ga tsohuwa ta faɗi tsakanin jirgi da sambuki, da idona, ba a same ta ba. Amma igiyassu ba ni son ta. In ta bugi duwatsun ga nasu dawowa takai, su haɗu biyu, kai kana tsakiya."

Na ce to. A raina na ce tsufa ne.

Ranar da abin ya faru mun yi makonni ba mu samu na kirki ba, sai Allah Ya ba mu najil har hurin ya nutse zuwa baki. Muna nesa, rana ta ɗaga, ba iska ko kaɗan, na ga kifin zai lalace kafin mu kai kasuwa. Ran nan Ammu ya ba ni baya, ni ke riƙe da akalar jirgin. Sai ga lanci ya nufi gari.

"Ammu, mu hau wannan."

"Bar ta, Ummaru. Mun yi nauyi."

Kafin ya rufe baki na riga na juya. Ta ɗauke mu, tafiya ta yi daɗi, har na fara murmushi. Da muka zo daidai sababbin duwatsun sai wata igiyar ta dawo daga jikinsu ta buge mu ta haƙarƙari. Na ji ƙarar katako. Da na ɗago kai daga ruwa, hurin ya rabe biyu, kifi na yawo, Ammu babu. Na nutsa na lalubo shi, ƙafarsa ta maƙale tsakanin dutse da ɓarin jirgin. Na fizge shi na fito da shi. Leburorin da ke aikin, har da Hausawa a cikinsu, suka miƙo hannu suka ja mu sama. Cinyarsa ta karye. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma ƙafar ba ta sake miƙewa daidai ba.

A mota, kan buhunan shinkafa, na kai shi Makka. Da aka shigar da shi ɗaki na tsaya gaban Inna Safiya na faɗa mata komai, cewa ya hana ni na ƙi ji. Na so ta zage ni, ko ta kore ni. Sai kawai ta ce, "Garwa ba moya."

Na ɗauki garwa biyu da sanda na fita. Daga ranar na zama mai ɗaukar ruwa. In cika a matarar unguwa, in hau tsauni, in sauke a gidan wannan da wancan, abin da na samu in kawo mata. Kafaɗata ta yi kanta, har yau tabon na nan. Hajji ya zagayo ya wuce ban tafi gida ba. Ammu na zaune a tabarma, carbi a hannu, bai sake ambaton bahar ba. Bai taɓa ce mini kanzil ba kan abin da na yi, kuma wannan shirun ya fi garwa nauyi.

Wata rana a lokacin sanyi, bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan tsaunukan gabas. A wajenmu yayyafi kawai aka yi. Ina tsakar gida sai na ji wani ruri kamar jirgin ƙasa, mutane na ihu, "Sel! Sel!" wato ambaliya. Na leƙa. Layin da ke gangare ƙasan gidanmu ya zama kogi, jajawur, yana tafe da kwanduna da ƙyamare da akuya. Sai na ji muryar Ammu daga ɗaki, irin wadda na daɗe ban ji ba.

"Ummaru! Ɗauke ni!"

Na goya shi na kai shi kan wani falalen dutse. Ya zuba wa ruwan ido, leɓensa na motsi. Ashe ƙidaya yake yi, don ruwan tudu-tudu yake zuwa, ya yi sauƙi ya sake tasowa. Can ƙasa muka hango mai gurasar unguwa, wani tsoho Bayamale, ya rungume ginshiƙin rumfarsa, ruwa ya kai masa ƙirji. Maƙwabta suka kawo igiyar raƙumi suka ɗaura mini a ƙugu. Na yunƙura zan faɗa.

"Tsaya!" in ji Ammu. "Babba na tafe."

Na tsaya. Tsohon na kiran Allah, amma na tsaya. Wani tudun ruwa ya zo da gungumen itace ya wuce ta daidai inda zan shiga.

"Haura sama, kada ka nufe shi kai tsaye, bari ruwa shi kai ka. Yanzu! Yalla!"

Na faɗa. Ruwan ya kai ni jikin rumfar kamar an auna. Na rungumo tsohon, aka ja mu. Da na hauro ina haki, na tarar da Ammu yana dariya, hawaye na bin gemunsa, Inna Safiya na tsaye bayansa ta rufe baki da mayafi.

Ambaliyar ta yi ɓarna, gidaje sun zube, an yi rashi a wasu unguwanni. Amma rijiyoyi suka cika, kuma kafin mako uku tsaunukan nan da na ɗauka ba abin da ke tsira a kansu suka yi kore, awaki suka yi ƙiba. Ammu ya sa na fito da shi ƙofar gida yana kallo.

"Ka gani? Ya ci, amma ya bar wani abu. Sha'abinmu fa, wa ka maido shi?"

Sai ya dafa gwiwata.

"Ya waladi, ni na ba ka baya ran nan, ba kai ka ƙwata ba. Da ina da shekarunka, ni ma da na hau ta. Babban ɗana ya samu mota tsakanin Makka da Jidda, shina dawowa gida da zama. Tafi, ɗiyanka sun mance huskarka."

Na kifa kai a kan tabarmarsa na yi kukan da na shekara ina haɗiyewa.

Inna Safiya ta ɗaure mini dabino da garwar zamzam da aka liƙe bakinta da dalma, ta raka ni har bakin layi tana faɗa kan kada in sha ruwan hanya ba tacewa. Ammu ya riƙe kaina da hannu biyu ya yi addu'a mai tsawo, ya ce in na isa in tsoma hannu a Kwara a madadinsa, tun da shi bai taɓa ganin ruwan ubansa ba.

A Jidda na tarar an gama aikin. Jirginmu na ɗaure a jikin hanyar dutsen, muka taka da ƙafa muka shiga, ko tafin sawu bai jiƙe ba. Na ga tsofaffin mata suna hawa a natse, na gode wa Allah saboda su. Sambukai na jere a gaɓa an kifar da su. Da jirgi ya tashi na tsaya a baya ina kallon igiyar da muke ja, tana buɗewa hagu da dama cikin jan ruwa. Can gefe wani masunci shi kaɗai a huri ya gan ta tafe. Ya saki ƙugiya ya juya mata hanci, ta ɗaga shi ta buga, ta sake ɗagawa ta buga. Na ɗaga masa hannu. Bai gan ni ba, yana sunkuye yana kwashe ruwa.

Bara waccan wani alhaji na Gwandu ya biyo ta nan ya ce mini Ammu Yaƙubu ya rasu, an yi masa salla a Harami bayan la'asar, Inna Safiya tana nan da ranta tana sayar da ƙosai. Duk wanda ya karanta wannan ko aka karanta masa, ba na neman komai wajensa sai ya ɗaga hannu ya yi wa dattijon nan fatiha.